Sulhu A Makarantun 'Ya'yanmu

Jawabin da aka gabatar wa dattawa da iyaye na ikkilisiyoyin yankin Gaya da Ajingi, a garin Toranke

  

Maganar da aka ɗora mana ita ce: me ya kamata a yi idan yaro ya yi wa ɗan'uwansa laifi a makaranta? Wani zai ce wannan ai aikin hedimasta ne, ina ruwan dattawan ikkilisiya da faɗan yara? Muna roƙo ku ba mu kunnuwanku, domin a wurin mutanen da ba su da yawa a gari kamar mu, faɗan yara bai cika tsayawa a kan yara ba.

Abin da muka gāda daga gona

Mu fara da abin da kowa a nan ya sani. Idan shanu suka shiga gonar mutum suka cinye masa gero ko wake, me ake yi a ƙasar Gaya tun kaka da kakanni? Mai gona ya kai ƙara wurin mai unguwa, a aika wa arɗo ko mai shanun, a ɗauki dattawa biyu ko uku a je gonar a ga ɓarna da ido. Mai gona ya faɗi abin da ya yi asara, mai shanu ya faɗi yadda aka yi suka kuɓuce, a kimanta, a yanka abin da za a biya. Sau da yawa mai gona yakan yafe wani abu daga ciki don albarkacin dattawa. Idan abin ya fi ƙarfin mai unguwa a wuce wurin dagaci, daga nan sai hakimi. Abin lura shi ne, ana tashi daga zaman mai gona ya sami wani abu a hannu, mai shanu ya san nauyin sakacinsa, gobe kuma su haɗu a bakin rijiya ɗaya su gaisa.

Wannan hanya tana cikin Littafi Mai Tsarki ma. A Fitowa sura 22 an umurci wanda dabbarsa ta ci gonar wani ya biya daga mafi kyawun amfanin tasa gonar. Zakka kuma, a Luka sura 19, da ya tuba bai tsaya a kan kuka ba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Maƙwabtanmu Musulmi su ma addininsu ya ɗaukaka sulhu ƙwarai. Ashe dai babu wanda zai ce mana wannan baƙon abu ne da Turawa suka kawo.

Abin da ake yi a makaranta

To, mu shiga makaranta mu gani. Yaro ya yaga wa ɗan'uwansa littafi, ko ya ɗauke masa kuɗin tara, ko ya zage shi. Monita ya rubuta suna. A fito da shi gaban asembili a yi masa bulala, ko kamun kunne, ko a ba shi fili ya nome. Idan laifin ya yi girma a dakatar da shi mako biyu, ko a kore shi. An gama shari'a ke nan.

Amma wa ya tambayi mai littafin? Littafinsa yana nan a yage, uwarsa za ta sayar da kaza ta saya masa wani. Wanda aka yi wa bulalar kuma bai ji abin da ya jawo wa gidan su wancan ba, abin da ya ji shi ne zafin dorina da dariyar 'yan aji, sai ya ƙudura a ransa cewa a hanyar gida za su gamu. Kamar a ce shanu sun ci gona, aka kama makiyayi aka yi masa duka, aka sallami kowa, ba a ko leƙa gonar ba. Wanda aka dakatar kuwa, a ƙauye, mako biyu ya isa uba ya ce tun da haka ne ya bi shi gona ko ya tafi ci-rani. Yarinya kuma ya isa a fara maganar aurenta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro a ƙasar nan shekara tara na karatu kyauta, gwamnatin Jihar Kano kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024 domin a mayar da yara aji. Bai dace ana neman yara ta wannan ƙofa, ana fitar da su ta waccan ba.

Akwai kuma abin da yara ke koya daga irin wannan horo, wato cewa mai ƙarfi shi ne mai hukunci. Ƙaramin da siniya ya daka bana, shi zai daki na baya da shi baɗi. A watan Yuli na 2025, a makarantar kwana ta gwamnati da ke Bichi, ɗalibai biyu sun rasa rayukansu a hannun 'yan'uwansu ɗalibai waɗanda suka ɗauki hukunci a hannunsu. Wannan ba rigimar addini ba ce ko ta ƙabila, yara ne suka zama alƙalan kansu cikin dare.

Dalilin da ya sa abin ya fi damunmu

'Yan'uwa, 'ya'yanmu a yawancin makarantun gwamnati na wannan yanki ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Idan suka yi saɓani da ɗan maƙwabci, kafin labarin ya iso kasuwa ya riga ya canza riga. Waɗanda suka manyanta a cikinmu ba su manta da watan Satumba na 2007 ba, lokacin da zargi tsakanin ɗalibai a makarantar sakandare ta Tudun Wadan Dankadai ya fita daga harabar makaranta ya shiga gari, aka rasa rayuka, aka ƙone majami'u da shaguna da gidaje. A watan Maris na shekarar nan ɗin aka kashe wata malama a wata makarantar sakandare a Gombe tana cikin aikin kula da jarrabawa. A ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bayan saɓani da ya faro daga zauren WhatsApp na 'yan aji.

Ba mu ambaci waɗannan don mu fama tsohon miki ba, kuma babu wani uzuri ga wanda ya zubar da jini. Mun ambace su ne don mu lura da abu guda: dukansu a makaranta suka faro, daga magana tsakanin mutanen da suka san juna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Makarantar da yara suka saba kawo ƙaramin ƙorafi a saurare su, tana da hanyar da babban ƙorafi zai bi ranar da ya taso. Wadda ba ta da wannan hanya, jita-jita ce za ta yi mata shari'a.

Bari mu ba ku labarin abin da muka gani da idonmu a wata makarantar firamare ta wani ƙauye. Ana layin shan ruwa a famfo, ɗan maƙwabci ya kira wani yaronmu arne, ya ture shi. Yaronmu ya ɗauki dutse ya jefe shi, ya fasa masa goshi. Aka yi wa namu bulala aka ce ya zauna a gida. Kafin magariba labarin da ke yawo shi ne ɗan Kirista ya fasa wa ɗan Musulmi kai, a namu gidajen kuma labarin shi ne an kori ɗanmu don addininsa. Kowane labari rabinsa gaskiya ne. Wani tsohon malami, Musulmi, shi ya je gida gida da daddare. Washegari aka zauna a ofishin hedimasta da yaran biyu da iyayensu maza da mai unguwa. Yaronmu ya ga ɗinkin da aka yi a goshin abokinsa, ya ji yadda uwar yaron ta kwana ba barci, ya fashe da kuka. Ɗayan kuma da bakinsa ya faɗi kalmar da ya yi amfani da ita, mahaifinsa ya sunkuyar da kai ya ce ba a gidansa ya koya ba. Uban namu ya biya kuɗin magani. Ɗan maƙwabci ya tsaya gaban aji ya janye maganarsa. Aka ba su biyun aikin tsara layin famfo har ƙarshen zango. Ba mu ce sun zama aminai ba, amma sun gama makarantar tare, iyayensu kuma har yau suna gaisawa.

Waɗansu ma sun gwada

A 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Elmira a ƙasar Kanada, samari biyu suka sha giya suka lalata dukiyar mutane a wurare 22 cikin dare ɗaya. Wani jami'in kula da masu laifi, Mark Yantzi, ɗan ikkilisiyar Menonayit, ya ba alƙali shawara a sa su je su fuskanci waɗanda suka cuta. Alƙali ya yarda. Suka bi gida gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suka ji ta bakin masu kaya, suka biya. Daga nan wannan hanya ta bazu a kotunan ƙasashe da yawa. A 1989 ƙasar Niyu Zilan ta yi dokar da ta ba da damar kai laifuffukan yara zaman iyali, inda mai laifi da danginsa da wanda aka cuta ke zama tare, kuma sun ɗauko wannan ne daga al'adar mutanen Mawori, 'yan asalin ƙasar. A 1994 aka fara irin wannan zama a makarantun sakandare na jihar Kwinsland a Ostireliya.

An kuma auna abin a ga ko yana aiki. A birnin Pittsburgh na Amurka an ɗauki makarantu 44, rabi suka bi hanyar sulhu, rabi suka ci gaba yadda suka saba. Sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna dakatar da ɗalibai ya fi raguwa a makarantun sulhu, malamai kuma suka ce zaman makaranta ya gyaru. Sai dai makin jarrabawa bai ƙaru ba, a azuzuwan tsakiya ma ya ɗan sauka. A Ingila an bi makarantun sakandare 40 har shekara uku, aka ga cin zalin ɗalibai ya ragu, ko da yake raguwar ba mai yawa ba ce. Mun faɗa muku duka biyun ne don kada mu sayar muku da maganin da ake cewa yana warkar da kowace cuta. Sulhu yana rage gaba da kora. Koyar da lissafi kuma sai malami ya shiga aji.

A gida ma muna da misalai. A zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, daga 2003 zuwa 2011, an kafa Zauren Sulhu a Jihar Kano don a riƙa kashe rigingimun unguwa kafin su kai kotu, a 2009 kuma aka buɗe cibiyar sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotun jihar. A Kaduna, Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa sun kasance a ɓangarori biyu masu gaba a rikicin 1992, inda fasto ya rasa hannunsa na dama, liman kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, suka yi shekaru suna zagaya wuraren rikici tare. Idan waɗannan sun iya zama a kan tabarma ɗaya, yara biyu da suka yi faɗa a kan biro za su iya.

Yadda ake zaman

Abin ba ya bukatar kuɗi ko gini. Yana bukatar mutum mai haƙuri wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, da inuwar bishiya, da kamar rabin awa.

Na farko, a bari zuciya ta huce, a ga kowane yaro shi kaɗai. Ba a tilasta wa wanda aka cuta ya zauna da wanda ya cuce shi idan yana jin tsoro. Ba a kuma kiran zama idan wanda ake zargi ya ce sam bai yi ba, wannan bincike yake bukata tukuna.

Na biyu, idan an zauna, mai laifi ya faɗi abin da ya faru da bakinsa, ba tare da an katse shi ba. Sannan wanda aka cuta ya faɗi abin da ya same shi, da abin da ya sami gidansu. Nan ne zuciyar aikin take, domin yawancin yara ba su taɓa jin inda dutsen da suka jefa ya sauka ba.

Na uku, a tambayi wanda aka cuta abin da zai gyara masa, a tambayi mai laifi abin da zai iya yi. Gyaran ya dace da ɓarnar. Wanda ya yaga littafi ya kwafe darasin ko ya saya. Wanda ya yi zagi a gaban jama'a ya janye a gaban jama'a. Wanda ya karya benci ya riƙe wa kafinta katako.

Na huɗu, a rubuta abin da aka amince a littafi, a sa ranar da za a sake dubawa, a naɗa babba ɗaya da zai bi sawu. Sulhun da ba a bi sawunsa ba, yara da kansu za su gane wasa ne.

Wannan tsari bai yi nisa da abin da Ubangiji ya koyar a Matiyu sura 18 ba, inda ake fara magana tsakanin mutum biyu, in ba ta yiwu ba a ƙara shaidu, sannan a kai gaban jama'a, kuma manufar tun farko ita ce a maido da ɗan'uwa.

Tambayoyin dattawa

Mun san wani dattijo zai ce, mu da bulala aka tashe mu, ga shi mun zama mutane, kuma Karin Magana ta yi zancen sanda. Gaskiya ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba mu zo mu ce a bar yara su yi abin da suka ga dama ba. Amma mu tambayi kanmu, wanne ya fi wa yaro nauyi, bulala shida da zai manta kafin la'asar, ko ya dubi idon uwar wanda ya raunata ya ce ni ne? Yara da yawa za su zaɓi bulalar. Manzo Bulus kuma a Afisawa sura 6 ya gargaɗi iyaye maza kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Horon da ke barin gaba a zuciya bai gama aikinsa ba.

Tambaya ta biyu ta fi zafi, kuma daga iyayenmu mata muka fi jin ta. Sukan ce, duk lokacin da aka ce sulhu, mu ake ce wa mu yi haƙuri. Wannan kuka ne na gaskiya. Akwai zaman da ake kira sulhu alhali danniya ce, inda ake duban wanda ba shi da kowa a ce masa ya bar wa Allah, mai laifi kuma ya tashi bai ce komai ba. Mu ƙi irin wannan, ko ɗanmu aka yi wa ko ɗan wani. Alamar sulhu na gari ita ce an faɗi laifin da sunansa, mai shi ya amsa, an kuma biya abin da za a iya biya. Yafewa kyauta ce da wanda aka cuta ke bayarwa don kansa, ba a ƙwatarta. Haka kuma mu yarda cewa wani lokaci namu ne da laifi. Idan muka zama masu kare ɗanmu ko da ya yi ɓarna, ranar da aka cuce shi babu wanda zai gaskata mu.

Na uku, sulhu yana da iyaka. Fyaɗe, da lalata da yaro, da rauni mai tsanani, da kisa, da barazanar tayar da tarzoma, waɗannan na 'yan sanda da kotu ne. Jihar Kano ta sami dokar kare yara a watan Mayu na 2023. Kada wani ya zauna a zaure ya karɓi kuɗi a rufe maganar yarinyar da aka lalata, ya ce ya yi sulhu. Idan kuma aka ji an fara zargin yaro da taɓa addini, abu na farko shi ne a fitar da shi zuwa wurin da ransa zai tsira, a sanar da hukuma da dagaci nan take. Zama sai daga baya.

Abin da muke roƙo

Muna roƙon kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu sanyin hali da riƙon sirri, su zama masu kula da al'amuran 'yan makaranta. Su je su gaishe da hedimasta da mai unguwa da limamin gari tun babu abin da ya faru. Ranar rigima ba ranar fara sabo ba ce.

Muna roƙon iyaye su daina ƙauracewa taron iyaye da malamai. Kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, yana da gurbin iyaye da mata da shugabannin gari. Wanda bai zo taro ba, kada ya yi kuka an yanke shawara babu shi. A can za mu iya ba da shawara cewa kafin a dakatar da yaro ko a kore shi a fara gwada zama.

Muna roƙon malaman makarantar Lahadi su fara wannan a nasu ajin. Idan yara biyu suka yi faɗa, a ajiye darasi na minti goma a yi musu tambayoyin nan. Yaron da ya koyi cewa na yi kuskure, me zan yi in gyara, ya tafi da abin da zai amfane shi har gidan aurensa.

Ku kuma matasa masu waya, ku yi hankali da abin da kuke rubutawa da abin da kuke turawa. Maganar da aka faɗa a bakin famfo iska na iya ɗauke ta, wadda aka rubuta a waya tana nan.

A ƙarshe, mu iyaye mu dubi abin da muke faɗa a kan maƙwabtanmu idan muna cin tuwon dare, domin abin da yaro ya ji a tsakar gida shi yake kai wa makaranta. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma baki ɗaya suke kwana. Mu da mutanen Toranke da Gaya da Ajingi kasuwa ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke sha, 'ya'yanmu kuma benci ɗaya suke zama.

Ubangiji ya ba mu hikima da ƙarfin zuciya, ya tsare mana 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabtanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.  Amin.